Diffa: An Iya Awon Yara, Saura Binciken Dalili

A awon yara na ƙasa baki ɗaya da aka gudanar a Nijar a 2020, jihar Diffa ce ta fi kowace jiha yawan yara masu ramar tamowa. Cikin yara 'yan wata 6 zuwa wata 59, kashi 19.3 cikin ɗari aka samu a rame, alhali jimillar ƙasa ta tsaya a kashi 12.7. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, da zarar an haura kashi 15 an shiga halin gaggawa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne inda wannan adadi ya fito. Diffa ce ke da kogin Komadugu da gaɓar Tafkin Chadi. Ita ke noma tattasan da ake lodi zuwa kasuwannin Najeriya, ita ke da bandar kifi, da shanun Kuri masu manyan ƙahoni, da garken raƙuma. A ƙarƙashin yashinta na Agadem kuma ake haƙo man fetur ɗin ƙasar tun 2011.

Wanda ya taɓa ganin yadda ake wannan awo ya san aiki ne na tsanaki. Ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato INS, tare da na ma'aikatar lafiya, suna shiga garin da ƙuri'a ta faɗa kansa, su gaisa da bulama, su zaɓi gidaje. A tsakar gida a shimfiɗa allon katako mai ma'auni, a kwantar da yaro in bai kai shekara biyu ba, wani ya riƙe kansa, wani ya danne gwiwoyinsa, shi kuwa yana ta tsala ihu. A ɗora uwa a sikeli, a miƙa mata ɗan, a rubuta abin da ya ƙaru. A zagaya damtsen hagu da siririn ma'auni mai launi uku: kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, sai asibiti. Daga nan a danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa, a ɗaga a ga ko wurin ya lotsa, don kumburin ƙafa alama ce ta tamowa mai tsanani. Kafin la'asar an cika kwamfutar hannu, mota ta juya. Bayan 'yan watanni rahoto ya fito a Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga tsakar gidan da aka yi awon.

Ba na raina wannan aiki. Da shi ake sanin katan nawa na abincin tamowa za a turo, da inda za a ƙara gadaje. Sai dai awo yawa kawai yake faɗa. Ba zai gaya maka abin da ya ramar da yaron Geskeru ba, balle ya ce ko shi ne ya ramar da na Ngurti, wanda ya tashi kan nonon raƙumi nesa da kogi. Gano wannan aikin bincike ne, shi kuwa bincike yana son shekaru, da mutanen da za su zauna daram a wuri, da kuɗin da ba za a janye ba don yaƙi ya ɓarke a wata nahiya. A ganina babu mai zuba irin wannan kuɗi a Diffa in ba baitulmalin Nijar ba.

Ƙasar nan ba baƙuwar binciken tamowa ba ce. Wasu daga cikin hanyoyin da duniya ke bi yau a nan aka gwada su. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu a gida suka warke, uwa na ba su maɗin gyaɗa da madara na cikin leda mai suna Plumpy'Nut, wanda mata ke kira biskit. Shi kansa wannan abinci ɗan binciken gwamnati ne: likita André Briend na cibiyar IRD, wadda harajin mutanen Faransa ke riƙe da ita, shi ya haɗa shi da kamfanin Nutriset a 1996. Daga baya kamfanin STA na Yamai ya shiga sarrafa shi a cikin gida. A 2009 Epicentre, reshen bincike na MSF, ya kafa cibiya a Maraɗi. A Madarunfa aka gwada ko ba wa kowane yaro mai tamowa maganin amoksisilin yana ƙara yawan masu warkewa in babu wata cuta tare da ita, sakamakon da ya fito a 2016 ya ce bai ƙara ba. A can kuma aka gwada rigakafin gudawar rotabairos mai jure zafi, aka wallafa a 2017. A Mirya ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka nuna cewa uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya auna damtsen ɗanta da kanta, ta kawo shi da wuri. A Boboye da Loga, cikin jihar Doso, raba maganin azitromaisin ga yara sau biyu a shekara ya rage mutuwa da kimanin kashi 18, kamar yadda aka bayyana a 2018.

Aiki ne na a yaba, ya kuma ceci rayuka har a Diffa. Amma a ɗauko taswira a sa ɗigo a waɗannan wurare. Dukansu ƙasar gero ce mai cunkoson jama'a, kusa da kwalta, inda a lokacin mai bincike zai kwana a ƙauye hankali kwance. A dubi kuma inda kuɗin ya fito: MSF, gidauniyar Gates, hukumomin agajin Turai da Amurka. Mai bayarwa daga waje yana neman amsar da za ta yi amfani a ƙasashe da yawa a lokaci guda, kuma ba laifi ya yi ba. Tambayar da ta shafi kwarin Komadugu kaɗai ba ta cikin lissafinsa. Ko babban binciken cimar jama'a da dandalin PNIN ya shirya a ƙarƙashin INS a 2019, da tallafin Tarayyar Turai, inda aka bi mata da yara ana tambayar abin da suka ci daga safiyar jiya zuwa dare, a jihohi biyar aka yi shi: Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. Babu Diffa. Don haka tsarin da ake zana wa ɗan Mobawa ko ɗan Buduma na Diffa kan cimar ɗan Gobir aka auna shi, alhali zanen aro ba ya rufe katara.

Tambaya ta farko da Diffa ke da ita tana cikin adadin kansa. Hanya biyu ake bi a ce yaro ya rame: a gwada nauyinsa da tsayinsa, ko a auna damtsensa. Hanyoyin nan ba kullum suke nuna yara ɗaya ba. Binciken da aka yi a Habasha ya nuna cewa 'ya'yan makiyaya, masu dogayen ƙafafu da gajeren gangar jiki, sukan faɗa sahun ramammu a gwajin nauyi da tsayi fiye da 'ya'yan manoma, ko da damtsensu bai nuna haka ba. Jihar Diffa cike take da Fulani, Tubawa da Larabawa makiyaya. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin cewa tamowar Diffa ƙarya ce, wanda ya leƙa ɗakin tamowa na asibiti a ƙarshen damina ba zai faɗi haka ba. Abin da ake bukatar sani shi ne wane yaro ne ajali ya fi kusanta, don a san wa za a fara ba wa biskit in katan ya yi kaɗan. Ba a gane wannan sai an bi yaran nan wata da watanni, an ga wanda ya murmure da wanda ya kwanta, a rugar Ngigmi da kuma garin bakin kogi.

Sai babban abin da ya faɗa wa cimar jihar. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da kifi don ana zargin mayaƙan suna cin haraji a kai, aka taƙaita man fetur da takin yuriya, aka rufe wasu kasuwanni. Bayan harin tsibirin Karamga a Afrilu, aka umarci mutanen tsibiran tafki su fito. Dubban iyalai suka kafa bukkoki a gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya. Manomin tattasai sai da inji yake ban-ruwa, injin kuwa sai da mai, gonar sai da taki. Kafin rikicin, kwarin kan fitar da kimanin tan 10,000 na busasshen tattasai a shekara, kuma da kuɗinsa ake sayen gero, da mai, da nama, da maganin zazzaɓi. Ba a sake buɗe cinikin tattasai ba sai a 2017, kamun kifi kuwa sai 2019.

Ko matakan sun dace ta fuskar tsaro, wannan muhawara ce ta wata rana. Abin da ya dame ni shi ne gwamnati ta cire kifi daga tukunyar jama'a shekara huɗu, ta tsuke aljihun manomi, ba tare da tana da wata hanya tata ta sanin abin da hakan ke yi wa jinin mai ciki da tsayin yaro ba. Ƙungiyar Oxfam ta fitar da rahoto a 2017 kan yadda kuɗin shigar masunta da manoman tattasai ya zube, kuma ta kyauta. Amma da akwai wasu garuruwa da ake bin gidajensu tun kafin 2015, ana rubuta haihuwa da mutuwa da abin da ake ci, da gwamna da kwamandan soja sun sami alƙaluman da za su ɗora kan sikeli kafin kowace sabunta doka. Yaran da aka yaye a bukkokin gefen hanya yanzu sun shiga shekarun makaranta. Tsumburewar da ta kama yaro cikin kwanaki dubu na farkon rayuwa ba kasafai take sakinsa ba.

Ruwa ma yana da nasa labarin. A Janairun 2017 ma'aikatan cibiyar kula da uwa da yaro ta Diffa suka fara ganin mata masu ciki suna zuwa idanu rawaya, suna amai, wasu su suma ba su farfaɗo ba. Aka fara zaton zazzaɓin shawara ne, wanda sauro ke yaɗawa. Sai da aka aika jini cibiyar Pasteur ta Dakar aka tabbatar ciwon hanta ne nau'in E, mai bin ruwan sha da bayan gida ya gurɓata. A Afrilu aka sanar da annoba. Kafin shekara ta fita mutum wajen 2,000 sun kamu, kusan 40 sun rasu, mafi yawansu mata masu ciki ko masu jego. Nijar tana da cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, mai tarihi a kan sanƙarau da tsargiya, amma tsakaninta da Diffa tafiya ce ta yini da dare. Wata uku tsakanin ganin cuta da kiran sunanta ya yi yawa ga mai ciki wata bakwai.

Shi kansa kogin ba kullum yake zuwa da alheri ba. Ruwan Komadugu daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake gangarowa, a samansa akwai madatsun Tiga da Calawa a jihar Kano, kuma yakan cika ne bayan damina ta ɗauke a Diffa. A Oktoban 2019 ya yi ambaliya ya cinye gonaki da gidaje. Cikar kogi a kaka tana nufin sauro da tsargiya suna da nasu lokaci a kwarin, wanda ba lallai ya dace da kalandar raba maganin zazzaɓin damina da aka tsara wa ƙasa baki ɗaya ba. Yaron da zazzaɓi da gudawa suke karɓa-karɓa a kansa zai rame ko da rumbu cike yake.

Akwai wata tambaya da ta haɗa Diffa da kowane gidan Hausawa, wato kanwa. Kwaruruwan ƙasar Manga, wajen Maine-Sorowa da Gudumariya, tsoffin ma'adanan kanwa da gishiri ne da fatake suka daɗe suna kaiwa kudu. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Zariya suka bayyana ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Daga baya a Yamai likita Cénac da abokan aikinsa suka ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu wannan ciwo. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano ya ƙara karkatar da zargi daga kanwa zuwa ƙarancin seleniyam da rashin wadataccen abinci. Shekara arba'in ana tuhumar kakanninmu mata kan al'adarsu, sai ga shi wataƙila talauci ne babban mai laifi. Ba a kai ga wannan gyara ba sai da aka sami ɗan ƙasa mai albashi da ɗakin gwaji, wanda ya zauna kan tambaya ɗaya shekara da shekaru. Irinsa ake bukata ya duba buhun tattasai da ya sha raɓa a ƙasa ko yana ɗauke da gubar rumfuna, ya duba katan ɗin banda ko an yayyafa masa piya-piya don kashe ƙwari, ya duba ruwan rijiyoyin burtsatse. Mutanen Tibiri ta Maraɗi ba su manta yadda ruwan famfo mai yawan sinadarin fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a farga ba.

Na san abin da za a ce. Ƙasa tana yaƙi, asibitin karkara babu magani, ma'aikatan kwantaragi suna bin bashin albashi, sai wani ya zo yana maganar bincike. Magana ce mai nauyi, kuma duk wanda ya taɓa jiran layi a asibitin gwamnati zai fahimce ta. Sai dai mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa bukatar sanin inda dalarsa za ta yi aiki. Gwajin amoksisilin na Madarunfa tambaya ce ta tattali: shin maganin da ake saye don dubban yara yana biyan kuɗinsa? Gwajin Mirya ya nuna za a iya miƙa wa uwa aikin da ake biyan wani ya yi. Binciken asarar da yunwa ke jawowa, wanda aka yi da haɗin gwiwar Tarayyar Afirka, ya ƙiyasta cewa tamowar yara tana cinye wa Nijar kashi 7.1 na arzikin da take samarwa a shekara. Kuma tun Nuwamban 2008, a taron Bamako, ministoci suka yi kira da a ware kashi 2 na kasafin lafiya don bincike. Kashi 2 ba shi zai hana sayen magani ba.

Game da inda kuɗin zai fito, amsar tana arewacin jihar. An shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024, kuma an tsara haƙar ta tashi daga ganga 20,000 a rana zuwa 110,000. Dokar man fetur ta tanadi kashi 15 na wasu kuɗaɗen da gwamnati ke samu ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙar. An saba a ji maganar wannan kaso a gina aji, a tona rijiya, a sayi motar ɗaukar marasa lafiya, duk abubuwan da ake iya yanke musu ƙyalle a gaban kyamara. Bincike ba shi da ƙyallen yankewa, shi ya sa ba shi da mai kare shi a zauren rabon kuɗi. Ɗan yanki kaɗan na wannan kaso, in an ɗaure shi da doka ta shekara goma, ya isa a fara.

Lokacin ma ya matsa. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wasu masu bayarwa suka dakatar da tallafi. A farkon 2025 Amurka ta rushe hukumar USAID, shafin FEWS NET da ake dubawa don hasashen yunwa ya ɗauke na wani lokaci, aka kuma tsayar da shirin binciken lafiyar iyali na DHS, wanda Nijar ta dogara da sakamakonsa na 2012 shekaru da dama. A Fabrairun 2025 gwamnati ta sallami ƙungiyar Red Cross ta duniya, wadda ta daɗe tana aiki a Diffa. Hukumomin yanzu ba su da wata magana da ta wuce ta 'yancin kai da tsayawa da ƙafa. To, madalla. Ƙasar da ke son tsayawa da ƙafarta ba za ta jira baƙo ya gaya mata halin da 'ya'yanta ke ciki ba, kuma in ta sallami baƙon ba ta sa nata a gurbinsa ba, duhu za a shiga.

Tubalin yana nan. An kafa Jami'ar Diffa a 2014, ƙarfinta a fannin noma da muhalli, kuma ɗalibanta da yawa suna jin Barbarci, Fulatanci, Tubanci ko Larabci tun daga gida. Inda mai bincike daga Yamai ba zai shiga ba sai da rakiyar soja, ɗan garin yana zuwa suna da biki. A haɗa jami'ar da CERMES da cibiyar binciken noma ta INRAN da hukumar lafiya ta jiha, a zaɓi wasu garuruwa a bakin kogi wajen Shetimari, wasu a kwaruruwan Gudumariya, wasu rugage a arewa, da wani ɓangare na sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage. A riƙa zagaya kowane gida bayan wata uku ko huɗu. A kafa ɗakin gwaji a garin Diffa da zai iya duba ruwa, jini da hatsi ba sai an jira mota ba.

An taɓa yin haka a wurin da bai fi Diffa gata ba. Navrongo tana can ƙuryar arewacin Ghana, nesa da Akara. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara gwajin sinadarin bitamin A a can, aka ga yana rage mutuwar yara da kusan kashi 19. Kuɗin farko daga Ingila ya zo, amma a 1992 ma'aikatar lafiyar Ghana ta karɓi wurin ya zama cibiyarta. Daga nan aka gwada gidan sauro mai magani, daga nan kuma aka samo tsarin zaunar da ma'aikaciyar jinya a cikin ƙauye, wanda ya zama manufar ƙasa. Har yanzu baƙi suna kawo kuɗi Navrongo, sai dai suna tarar da masu gida da nasu jerin tambayoyi.

Akwai haɗari ɗaya a kuɗin gwamnati, kuma tarihin Nijar bai ɓoye shi ba. A 2005, lokacin da ɗakunan tamowa na Maraɗi suka cika har ƙasa, shugaba Mamadou Tandja, wanda shi kansa haifaffen Maine-Sorowa ne, ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar. A Yulin 2008 gwamnatinsa ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi. Mai binciken da albashinsa ke hannun wanda ba ya son jin labari mara daɗi zai koyi zagaye-zagaye, a ƙarshe a sami rahoto mai kyan bango wanda ba a iya gina komai a kansa. A jihar da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci jarabar ta fi ƙarfi, don komai ana iya kiransa sirrin tsaro, har da nauyin jariri. Saboda haka dokar da za ta ware kuɗin ita ya kamata ta rubuta ƙa'idar fitar da sakamako: a wallafa shi cikin wa'adin da aka yanka, a karanta shi a gidajen rediyon jihar da Barbarci da Hausa da Fulatanci, a koma garuruwan da aka yi aikin a gaya wa bulama da matan da suka miƙa 'ya'yansu, ba tare da jiran sa hannun gwamna ko wani ofishi a Yamai ba.